Boksa, Karen Munik: Siffarsa, Ɗabi'arsa da Haƙƙinsa a Kan Mai Shi

 

Duk wanda ya saba ratsa manyan unguwannin Abuja, ko Kaduna, ko Kano, ko Yamai a 'yan shekarun nan, ya lura da yadda karnukan ƙasashen waje suke ta yawaita a bayan ƙofofin ƙarfe, waɗansu an sayo su domin gadi saboda halin fargaba da ake ciki, waɗansu kuwa domin sha'awa kawai. A cikinsu akwai wani kare mai faɗin ƙirji, mai murɗaɗɗen jiki, mai gajeren baki da baƙar fuska, wanda ake kira Boksa, shi ne kuwa abin zancenmu a yau. Dalilin da ya sa na zaɓe shi, a ganina kamanninsa suna ruɗin mai saye ƙwarai: mutum ya dubi wannan fuska mai yamutse da waɗannan damatsa, ya ɗauka ya sami dodon da zai ɗaure a bakin ƙofa ya manta da shi, alhali kuwa abin da ya kawo gidansa dabba ce da aka yi shekara ɗari da wani abu ana renon irinta domin ta zauna kusa da ɗan Adam, ta yi wasa da shi, ta yi masa aiki, kuma ba ta jure kaɗaici, ba ta jure zafin rana.

Bari mu fara da asali, domin wanda bai san inda abu ya fito ba da wuya ya san yadda zai riƙe shi. A ƙasar Jamus, tun ƙarnonin da suka shuɗe, sarakuna da masu manyan gandaye suna da wani kare na farauta da ake kira Bullenbeisser, wanda aikinsa shi ne ya bi aladen daji ko barewa, ya cafke, ya riƙe gam har mafarauci ya iso. Da zamani ya juya, gandayen suka rarrabu bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, farautar manya ta ja da baya, sai wannan kare ya koma hannun mahauta da fataken shanu, suna kora dabbobi da shi zuwa mayanka, yana tsare musu dukiya. A ƙarshen ƙarni na 19 waɗansu mutanen birnin Munik, a lardin Babariya, suka haɗa ƙaramin nau'insa da Buldog na Ingila, suka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a shekarar 1895, kuma a 1904 aka buɗe littafin nasabar wannan iri, wanda karen farko da aka rubuta a cikinsa sunansa Flocki. A cikin waɗanda suka yi wa irin hidima babu kamar wata mace mai suna Friederun Stockmann, wadda ta zo Munik koyon sassaƙa, ta ƙare da ba da rayuwarta ga kiwon Boksa, ta raya zuriyar karnukanta cikin yunwa da ƙuncin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, har ya zama da yawa daga cikin fitattun Boksa na Turai da Amurka nasabarsu tana komawa gidanta. Sojojin Jamus sun yi aiki da shi wajen kai saƙo da tsaro a fagen fama, bayan yaƙi na biyu kuma sojojin Amurka suka koma gida da shi, daga nan ya bazu a duniya a matsayin karen iyali.

To, wannan tarihi yana bayyana siffarsa. Namiji yakan kai santimita 57 zuwa 63 daga ƙasa zuwa kafaɗa, nauyinsa kilo 30 ko fiye, macen kuwa ba ta kai shi ba, takan tsaya wajen kilo 25. Gashinsa gajere ne, yana kwance luf a jiki, launinsa ko dai ja mai ƙasa-ƙasa ko kuwa mai ratsin baƙi, sau da yawa da fari a ƙirji da ƙafafu. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya ɗan zarce na sama, hancinsa ya ɗan ɗaga, kuma masu kiwonsa na farko sun so hakan ne domin ya iya numfashi alhali yana riƙe da dabba a baki. Ana haifar waɗansu farare fat, ba kuwa zabiya ba ne, lafiyarsu lau, illa dai kurumta ta fi yawa a cikinsu, rana kuma ta fi ƙona musu fata. Da can an saba yanke masa kunne da wutsiya domin ado, amma ita kanta Jamus ta haramta yanke kunne a 1987, ta haramta yanke wutsiya a 1998, mu kuwa da shari'armu ta hana yi wa dabba musla ba mu da hujjar ci gaba da al'adar da masu ita suka bari.

Game da ɗabi'a, Boksa kare ne mai fara'a da yawan wasa, wanda ƙuruciya take daɗewa a jikinsa, har yakan kai shekara uku kafin hankalinsa ya zauna. Yana da tsananin shaƙuwa da mutanen gidansa, yana da haƙuri da yara, ba shi da yawan haushi na banza, in ya yi haushi kuwa galibi akwai dalili. Baƙo yakan tsaya ya dube shi da tuhuma har sai ya ga yadda maigida ya karɓe shi, kuma wannan natsuwa ita ce ta sa yake gadi mai kyau, fiye da karen da aka haukata da duka yana cizon kowa. Aibinsa kuwa, yana da taurin kai, yana gajiya da umarnin da ake ta maimaitawa, yana son daka tsalle ya ɗora wa mutum ƙafafun gaba, abin da yake iya kayar da tsoho ko ƙaramin yaro ba da mugun nufi ba, yana dalalar da miyau, yana minshari. Idan aka bar shi shi kaɗai wuni bayan wuni, ba motsi, ba mai kula, sai ƙunci ya kama shi, ya shiga tonon ƙasa da tauna kaya da kuka, wani ma halinsa ya ɓaci ɗungum, a ce kare ya yi mugunta, alhali laifin na wanda ya ɗaure shi ne.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, ina kuma roƙon mai sauraro ya ba ni hankalinsa, wato zafi. Allah cikin hikimarSa bai yi wa kare gumi a jiki irin namu ba, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, saboda haka hanyar da yake sanyaya jikinsa ita ce haki: ya buɗe baki, ya zaro harshe, iska ta riƙa wucewa ta kan danshin hanci da maƙogwaro tana kwashe zafi. Karen mafarautanmu, mai dogon baki da siririn jiki, yana da wadatar wannan hanya, shi ya sa yake wuni a daji da bazara ya komo lafiya. Shi kuwa Boksa, da aka gajarta masa baki a ƙasar da dusar ƙanƙara take sauka, aka kuma ɗora masa tsoka mai yawa wadda ita kanta tana haifar da zafi in ya motsa, hanyar iskarsa ƙuntatacciya ce, hakinsa ba ya isarsa. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Selshiyas, idan ya haura 41 an shiga hatsari, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suna iya lalacewa cikin ɗan lokaci. To, a Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yamai, inda zafin iska kansa yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, wanda ya sa wannan kare a kejin ƙarfe mai rufin kwano, ko ya ɗaure shi a kan siminti da tsakar rana, ko ya rufe shi cikin mota ya shiga kasuwa, lalle ya sani yana iya komowa ya tarar da gawa.

Alamun da za a lura da su kuwa su ne haki mai tsanani da ƙara, da miyau mai kauri yana zuba, da harshe ya yi jawur ko ya koma shuɗi-shuɗi, da tangaɗi, da amai, daga ƙarshe faɗuwa. Wanda ya ga haka kada ya tsaya neman mota tukuna, ya fara janye shi zuwa inuwa, ya riƙa kwara masa ruwa mai sanyi a wuya da ciki da cinyoyi, a yi masa fifita ko a kunna fanka, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in yana iya sha, sa'an nan a garzaya da shi wurin likitan dabbobi ko da an ga ya farfaɗo, domin ɓarnar cikin jiki takan bayyana daga baya. Rigakafin abin kuwa mai sauƙi ne ga mai niyya: makwanci a ƙarƙashin itace ko rumfa mai shan iska, ruwa mai tsabta wanda ba ya yankewa dare da rana, fita yawo da sassafe bayan asuba ko bayan magariba, kuma kafin a taka da shi kan kwalta mutum ya ɗora bayan hannunsa a kai, in shi bai iya jurewa ba to tafin karen ma zai ƙone. Da hunturu kuma al'amarin yakan juya, musamman a Jos da makamantanta, domin gajeren gashinsa ba ya tare sanyi, yana bukatar buhu ko tsohon bargo da wurin da iska ba ta bugawa.

Na san a cikin masu sauraro akwai wanda tun ɗazu yake tambaya a ransa, shin mene ne hukuncin ajiye kare tun farko? Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu tsallake ta ba. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya riƙi kare ba domin farauta ko kiwo ko tsaron shuka ba, ladansa yana raguwa kullum, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan uku idan larura ta kama. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala da almajiranmu suke karantawa a zaure, ya ajiye kare a gidansa a lokacin da tsoro ya yi yawa, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta, sai ya ba da amsa da cewa zamani ne ya sauya. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki kuwa ta'abbudi ne, amma a wurin Shafi'iyya najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Mai son tafsili ya koma ga malaminsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, dabbar da mutum ya tsare, ciyar da ita da shayar da ita wajibi ne a wuyansa, domin an ba mu labarin wanda aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, an kuma ba mu labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha.

A nan ne fa wuyar take. A Turai Boksa yana kwana cikin ɗaki, wani ma a kan kujera, mu kuwa mafi yawanmu ba za mu shigar da kare inda muke salla da kwana ba, kuma muna da hujjarmu. Sai dai hana shi ɗaki abu ne daban, hana shi mutane kuma abu ne daban. Ana iya yi masa wurinsa a farfajiya ko a wani sashe na tsakar gida inda yake ganin shige da fice, yana jin muryoyin da ya sani, a sake shi ya zaga, a sami mutum guda tabbatacce, maigida ko babban ɗansa, wanda zai ba shi kamar sa'a ɗaya ko biyu kullum na tafiya da wasa da horo. Wanda ya san ba shi da wannan lokaci, ko gidansa ba fili, ko tafiye-tafiye sun yi masa yawa har sai dai ya bar wa maigadin da yake tsoron karen, shawarata ita ce ya haƙura da Boksa, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Karen gida na ƙasarmu ya fi shi jure zafi da cuta, ya fi shi sauƙin ciyarwa, gadinsa kuma ba baya ba ne.

Wanda kuwa ya ga zai iya, to ya fara da zaɓe. Kada a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas, kuma mai saye ya nace sai ya ga uwar da idonsa, ya ga halinta da tsabtar wurin, ya karɓi katin allurar da aka yi, domin a wannan kasuwa akwai masu haɗa 'yan uwa na jini saboda kwaɗayin riba, suna sayar da cuta da sunan asali. Watanni uku zuwa huɗu na farko su ne lokacin da ɗabi'a take kafuwa: abin da kwikwiyo ya saba da shi a lokacin, na yara, da baƙi, da awaki, da kaji, da ƙarar babur, da mai rawani da mai hijabi, ba zai tsorata da shi ba in ya girma, kare kuwa galibi tsoro ne yake sa shi cizo. A koya masa zama, da zuwa in an kira, da tafiya da igiya ba tare da ja ba, da barin tsalle a kan mutane, tun yana ƙaramin da za a iya ɗauka da hannu, ta hanyar yabo da ɗan abin tauna, a gajerun lokuta, da kalmomi iri ɗaya daga kowa a gidan. Masu cewa a kulle kare a duhu, a ba shi barkono, a riƙa dukansa domin ya yi zafi, suna koya wa mutane yadda za su ƙera abin da wata rana zai juya kan 'ya'yansu. Kuma duk haƙurin Boksa, ba a barin ƙaramin yaro da kare su kaɗai, ba a barin yaro ya taɓa shi yana cin abinci ko yana barci.

Abincinsa ba ya bukatar dogon bayani. Kwikwiyo sau uku ko huɗu a wuni har wajen wata shida, babba sau biyu. Tuwo da ƙanzo kaɗai ba sa riƙe jiki irin wannan, sai an haɗa da nama ko kifi ko ƙwai, ko a sayi abincin karnuka na buhu mai inganci. A kiyaye shi daga albasa, da tafarnuwa, da cakulan, da inabi da zabibi, da goro, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya huda hanji, kuma kada a ba shi maganin ciwon kai ko na ciwon jiki na mutane, domin waɗansu daga ciki guba ne a gare shi. Saboda zurfin ƙirjinsa yana cikin karnukan da tumbinsu yake iya cika da iska ya murɗe, shi ya sa ba a cika masa ciki a zama ɗaya, ba a sa shi gudu dab da cin abinci ko bayansa. In aka ga cikinsa ya kumbura, yana yunƙurin amai ba abin da yake fita, yana kai da komo, wannan na gaggawa ne, sa'o'i kaɗan suke raba shi da mutuwa in ba a kai shi asibiti ba. Ƙiba ma cuta ce a gare shi, tana ƙara masa nauyin numfashi. Daidai shi ne a shafa a ji haƙarƙarinsa ba tare da an gan su a fili ba.

Akwai kuma cututtukan gado da aka san wannan iri da su, ya kamata mai shi ya san su tun da wuri. Na farko ciwon zuciya, wanda yakan bayyana da saurin gajiya ko suma a tsakiyar wasa, wani lokaci ma mutuwar fuju'a. Na biyu ciwon daji, domin Boksa yana cikin karnukan da ƙari ya fi kamawa, musamman na fata, saboda haka duk kullutun da aka ji a jikinsa, kome ƙanƙantarsa, a nuna wa likita. Tsawon ransa galibi shekara 10 ne zuwa 12. A ƙasarmu kuma ga kaska, wadda take sa masa zazzaɓi da ƙarancin jini, ga ƙuma da ƙazuwa da tsutsar ciki. A riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, a share makwancinsa, a karɓi magani daga likitan dabbobi, kada a shafa masa baƙin mai ko maganin feshin gona kamar yadda waɗansu suke yi, domin fata tana tsotsewa, shi kuma yana lasa. Allurar rigakafin cututtukan kwikwiyo, irin mai sa gudawa da jini, ana fara ta ne daga mako shida zuwa takwas, a maimaita bisa tsarin likita har wajen wata huɗu.

Allurar da ta fi kowace muhimmanci kuwa ita ce ta ciwon haukan kare, domin ita haƙƙin maƙwabta ce da duk mai wucewa a titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, yara suna da kaso mai yawa a ciki, kuma kusan dukkansu daga cizon kare ne. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Ana yi wa kare allurar yana da wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu sarrafa ta a Nijeriya. Idan kuwa kare ya ciji mutum, ko na gida ne ko na titi, ko da ɗan ƙarzane ne, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15, kada a tsaya shafa gashin karen ko toka ko wani sassaƙe, a tafi asibiti a ranar a fara allura, a kuma cika adadinta yadda aka tsara. Shi karen kada a yi gaggawar kashe shi in ana iya tsare shi lafiya, a killace shi kwana goma ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, domin halin da ya shiga a kwanakin nan yana taimaka wa masu jinyar wanda aka ciza.